Marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa: Malamin makarantar da ya kori jakadan Faransa saboda ƙurar bom

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar naira biyar ta Nijeriya ya ga hoton wannan bawan Allah da rawaninsa, kuma a nan unguwar Briqueterie ta birnin Yawunde, inda fatake da masu canji da ɗinki ke ta kai da kawowa tsakanin Kamaru da Nijeriya, da wuya a samu dattijon da bai san sunansa ba. A wannan makon filin namu na tarihin magabata zai waiwayi rayuwar marigayi Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko, wanda kuma ba a sake yin wani ba bayansa. Za mu fi tsayawa a kan wani babi na rayuwarsa da matasanmu ba su cika ji ba, wato rigimarsa da ƙasar Faransa a kan gwajin makamin ƙare-dangi a hamadar Sahara, domin rigima ce da ta shafi iskar da mu ma muke shaƙa duk lokacin hunturu.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Abubakar a watan Disamba na shekarar 1912 a ƙasar Bauci. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, yana aiki ne a ƙarƙashin hakimin Lere, sunan mahaifiyarsa kuma Fatima Inna. Sunan Tafawa Ɓalewa da ya shahara da shi sunan garinsu ne, kuma masu jin Fillanci a cikinmu za su tsinkayi asalinsa, domin ma'anarsa baƙin dutse. Shi ba ɗan sarauta ba ne, kuma wannan ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa a siyasar da 'ya'yan sarakuna suka fi yawa a cikinta.

Bayan karatun allo da makarantar garinsu, sai ya wuce makarantar lardi ta Bauci, daga nan kuma ya shiga Kwalejin Katsina a 1928, inda ya gama a 1933. A wannan kwaleji ce aka horar da akasarin mutanen da suka riƙe Jihar Arewa daga baya, ciki har da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello. Da ya gama sai ya koma Bauci yana koyarwa a makarantar Midil, har ya kai ga zama hedimasta. A shekarun nan ne ya rubuta littafinsa mai suna Shaihu Umar, ɗaya daga cikin littattafan ƙagaggun labarai na farko da aka buga da Hausar boko, a sakamakon gasar da aka shirya a Zariya a 1933. Labarin yaro ne da aka sace aka bautar, aka ƙetara da shi Sahara, ya girma ya zama malami. Muna roƙon mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin mutumin da ya rubuta irin wannan littafi ya san cewa hamada hanya ce mai ayari da rijiyoyi da garuruwa da mutane.

A 1945 aka tura shi Jami'ar Landan ya yi kwas na koyarwa na shekara ɗaya. A cikin watan Agusta na wannan shekara ne Amurka ta jefa bom ɗin atom a biranen Hiroshima da Nagasaki na ƙasar Japan, kuma yawancin ma'adinin yuraniyom da Amurka ta fara aikin da shi daga Afirka aka haƙo shi, a mahaƙar Shinkolobwe ta ƙasar Kwango.

Shigarsa siyasa

Da ya dawo gida sai aka zaɓe shi Majalisar Jihar Arewa a 1946, sannan Majalisar Dokoki ta Legas a 1947. A watan Agusta na 1950 ya gabatar da wani ƙuduri a Kaduna na neman a gyara tsarin mulkin En'e, a ba talakawa bakin magana, abin da ya girgiza sarakuna da Turawan mulki baki ɗaya, ganin cewa mai maganar mutum ne da aka sani da sanyin hali. Yana cikin waɗanda suka mai da Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zama jam'iyyar siyasa, wato NPC, inda Sardauna ya zama shugaba shi kuma mataimaki. Ya zama Ministan Ayyuka a 1952, daga baya Ministan Sufuri, sannan a 1957 ya zama Firayim Minista. Shi ne ya karɓi takardun 'yancin kai a Legas ranar 1 ga Oktoba 1960, wata tara cif bayan namu na ranar 1 ga Janairu.

Kowa ya san shi a matsayin aminin Turawan Yamma. Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta Sa a 1960, ba ya son kwaminisanci, ba ya son hayaniya irin ta Kwame Nkrumah na Ghana ko Seku Ture na Gini, kuma 'yan adawa sun sha yi masa gorin cewa ɗan amshin shatan Ingila ne. Shi ya sa abin da ya aikata a watan Janairu na 1961 ya ba duniya mamaki.

Abin da ya kai Faransa Sahara

Kafin mu kai ga wannan, ya kamata mu fahimtar da mai karatu dalilin da ya sa Faransa ta nace sai ta mallaki bom nata na kanta, alhali tana cikin ƙungiyar tsaro ta NATO da aka kafa a 1949, wadda Amurka ta yi alƙawarin kare mambobinta. Zamanin yaƙin cacar baka ne. Amurka ta samu makamin a 1945, Tarayyar Sobiyet a 1949, Ingila kuma a 1952. Hikimar da manyan ƙasashen suka dogara a kanta ita ce ta kar ta san kar, wato idan kowane ɓangare ya tabbata cewa in ya harba shi ma za a mai da biranensa toka, to ba wanda zai fara. Ƙasashen Yammacin Turai da ba su da makamin sai suka fake a inuwar Amurka.

To amma abubuwa biyu sun sa Faransa ta daina yarda da wannan inuwa. Na farko shi ne rikicin mashigin Suwez na 1956, lokacin da Ingila da Faransa da Isra'ila suka auka wa Masar, Sobiyet ta yi musu barazana da rokoki, ita kuma Amurka maimakon ta mara musu baya sai ta matsa musu lamba har suka janye da kunya. Na biyu shi ne, tun da Sobiyet ta harba kumbon Sputnik a 1957 aka gane cewa rokokinta za su iya kaiwa biranen Amurka, sai tambaya ta taso a Turai, shin Amurka za ta yarda a ƙona Niyok domin ta ceci Paris? Ƙari a kan haka, a 1958 Amurka ta ƙulla yarjejeniyar raba sirrin makamin da Ingila, ta bar Faransa a waje. Janar Charles de Gaulle, wanda ya dawo mulki a wannan shekara, ya nemi a kafa shugabancin ƙasashe uku a kan harkokin ƙawancen, Amurka da Ingila da Faransa, ba a biya masa bukata ba. Sai ya tsaya a kan cewa zanen aro ba ya rufe katara, dole Faransa ta riƙe makaminta a hannunta.

Matsalar ita ce inda za a gwada shi. Amurka ta yi nata a hamadar Nebada da tsibiran tekun Pasifik, Ingila ta yi a Ostireliya, ita kuma Faransa sai ta zaɓi Reggane a kudancin Aljeriya, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkinta kuma ake tsakiyar yaƙin neman 'yanci. A taswirar sojojin Faransa wurin fili ne fetal. A tarihinmu kuwa Reggane tana gefen kudu na yankin Tuwat, zangon ayarin da ke haɗa Arewacin Afirka da ƙasar Hausa, kuma a wannan yanki ne kabarin Shehu Muhammadu al-Maghili yake, malamin nan da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa.

Kukan da ba a saurara ba

Tun a 1959 hankalin jama'ar Afirka ta Yamma ya tashi. Ba sai an yi wa manomin Katsina ko makiyayin Marwa dogon bayani ba, domin kowa ya san daga inda iskar hunturu take tasowa, kuma kowa ya san hazon da take kawowa yana sauka a kan rijiya da ciyawa da abincin da aka shanya. Abin da masana suka yi gargaɗi a kai shi ne ƙurar da bom ke tayarwa tana ɗauke da guba marar launi marar wari, wadda ke shiga ciyawa, ta shiga nonon saniya, ta zauna a ƙashin yaro, ta haifar da ciwon daji bayan shekaru.

A lokacin Nijeriya ba ta da bakin magana a harkokin waje, sai ta hannun Ingila. Abubakar ya kai kukan jama'arsa Landan, amma abin da ya samo bai wuce lallashi da alƙawarin auna iska ba. A watan Nuwamba na 1959 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudurin roƙon Faransa ta fasa gwajin, Ingila da Amurka kuwa ba su goyi bayan ƙudurin ba. Ga su dai ba su so Faransa ta mallaki makamin, har ma su da Sobiyet sun dakatar da nasu gwaje-gwajen tun ƙarshen 1958, amma da aka zo zaɓi tsakanin ɓata wa abokiyar ƙawance rai da kare lafiyar mutanen Afirka, sai suka zaɓi abokiyar ƙawance. Wannan darasi ne da malamin Bauci bai manta ba. A Ghana kuma wata tawagar masu zanga-zangar lumana ta tashi daga Akra a watan Disamba da niyyar isa Reggane, amma jami'an Faransa suka tare su a ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso.

Ranar 13 ga Fabrairu 1960, mako shida da samun 'yancin Kamaru, Faransa ta tayar da bom ɗinta na farko a sararin Reggane. Ƙarfinsa ya kai kimanin tan dubu 70 na nakiya, wato ya ninka na Hiroshima kusan sau huɗu. Nkrumah ya riƙe kadarorin Faransa da ke Ghana. Faransa ta sake gwaji na biyu ranar 1 ga Afrilu, sannan na uku ranar 27 ga Disamba 1960, a tsakiyar hunturu.

Sa'o'i 48

A wannan karon Nijeriya ta riga ta zama ƙasa mai cin gashin kanta, kuma Abubakar da kansa yake riƙe da ma'aikatar harkokin waje, domin sai a tsakiyar 1961 ya naɗa Jaja Wachuku a kanta. Ranar 5 ga Janairu 1961 gwamnatinsa ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa, ta ba jakadanta Raymond Offroy sa'o'i 48 ya tattara ya bar ƙasar, ta kuma hana jiragen sama da na ruwa na Faransa sauka a filaye da tashoshin Nijeriya. Ƙasar da ba ta cika kwana ɗari da samun 'yanci ba ce ta yi wa Janar de Gaulle haka.

Ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya game da halin da sauranmu muke ciki a wancan lokaci. Gwamnatin Shugaba Ahmadu Ahijo ta sa hannu a kan yarjejeniyoyin tsaro da taimakon soja da Faransa a watan Nuwamba na 1960, kuma sojojin Faransa ne ke taya ta yaƙar 'yan tawayen UPC a ƙasar Bamileke da Sanaga. Nijar da Kwaddibuwa da Dahome su ma sun ƙulla tasu yarjejeniyar tsaron a watan Afrilu na 1961, wadda har ta tanadi fifita Faransa a kan ma'adinai masu muhimmanci ga soja, ciki har da yuraniyom. Wanda hannunsa ke cikin bakin wani ba ya iya ɗaga murya. Ƙurar ta sauka a kan kowa, amma bakin da ya iya magana da ƙarfi ƙalilan ne.

Matakin bai zo da sauƙi ba. Nijar da Cadi ba su da teku, kuma kayansu da yawa ta tashoshin Nijeriya da jirgin ƙasa na Kano suke bi, saboda haka hana jiragen Faransa ya fi cutar da maƙwabta a kan ita Faransar. Bayan 'yan watanni da roƙon shugabannin maƙwabta sai aka ɗage takunkumin sufurin, amma hulɗar jakadanci ta ɗauki shekaru kafin ta dawo. De Gaulle kuwa bai yafe ba. Lokacin da aka sa hannu a kan Yarjejeniyar Yawunde a nan birninmu ranar 20 ga Yuli 1963, tsakanin Kasuwar Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka 18, Nijeriya ba ta ciki, kuma da ta nemi tata yarjejeniyar daban ta sha jan ƙafa daga Paris. Masana tarihi da dama suna lissafa korar jakadan nan cikin dalilan da suka sa de Gaulle ya karkata ga Biyafara a 1968, a daidai lokacin da Shugaba Ahijo ya tsaya tare da gwamnatin tarayyar Nijeriya.

Ita ma inuwar Ingila bai daɗe a cikinta ba. An ƙulla yarjejeniyar tsaro tsakanin Nijeriya da Ingila a 1960, wadda ta ba jiragen yaƙin Ingila damar ratsa sararin ƙasar da yada zango. Ɗaliban Jami'ar Ibadan da 'yan adawa suka yi mata ca, har ɗalibai suka kutsa harabar majalisa a Legas. Abubakar ya kare ta da farko, amma a watan Janairu na 1962 aka soke ta.

Abin da ya biyo baya

Daga nan Nijeriya ta mai da yaƙin zauren taro. A watan Nuwamba na 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙudurin da ya nemi a ɗauki Afirka a matsayin nahiyar da ba a gwaji ko ajiye makaman nukiliya. A 1962 kwamitin ƙasashe 18 na kwance ɗamara ya fara zama a Janeba, Nijeriya na cikin 'yan ba-ruwanmu takwas da aka zaɓa, tare da Habasha da Masar daga Afirka, ita kuwa Faransa ta bar kujerarta ba kowa. A 1963, bayan duniya ta leƙa bakin rami a rikicin rokokin Kyuba na watan Oktoba 1962, Amurka da Sobiyet da Ingila suka sa hannu a Mosko a kan hana gwaji a sarari da cikin ruwa. Nijeriya ta shiga, Faransa ta ƙi. A watan Yuli na 1964 shugabannin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, wadda Abubakar na cikin waɗanda suka kafa ta a Addis Ababa a 1963, suka fitar da sanarwar Alƙahira ta tsarkake Afirka daga waɗannan makamai. Wannan sanarwa ce ta zama tushen Yarjejeniyar Pelindaba, da aka sa wa hannu a 1996 ta kuma fara aiki a 2009.

Ba za mu ce komai nasa daidai ne ba. Mu a Kamaru ba mu manta da ƙuri'ar raba-gardama ta watan Fabrairu 1961 ba, wadda ta mai da yankin Arewacin Kamaru na Ingilishi cikin Nijeriya aka kira shi Lardin Sardauna, har Shugaba Ahijo ya kai ƙara Kotun Duniya, kotun kuma ta ƙi yanke hukunci a 1963. Duk da haka mutanen biyu sun zauna tare da Diori Hamani na Nijar da Tombalbaye na Cadi suka kafa Hukumar Tafkin Cadi a watan Mayu na 1964. A cikin gida kuwa mulkinsa ya gamu da dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma a 1962, da ɗaure Cif Obafemi Awolowo a 1963, da rigimar ƙidayar jama'a, da tarzomar ƙasar Tibi, da zaɓuɓɓukan 1964 da 1965 masu cike da zargin maguɗi. Masu sukarsa suna cewa haƙurinsa ya yi yawa a inda ake bukatar gaggawa, kuma ya bar wutar Jihar Yamma tana ci har ta kama rufin gidan.

Rasuwarsa

A ranakun 11 da 12 ga Janairu 1966 ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashe renon Ingila a Legas a kan batun Rodeshiya. Da asubahin ranar 15 ga wata wasu hafsoshin soja suka ɗauke shi daga gidansa, a daren da aka kashe Sardauna a Kaduna da Cif Akintola a Ibadan. Bayan kwana shida aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Legas zuwa Abekuta, aka kai shi Bauci aka yi masa sutura. Yana da shekara 53, kuma abokai da abokan hamayya sun haɗu a kan cewa bai tara dukiya ba.

Bai ga ƙarshen gwajin da ya yi yaƙi da shi ba. Faransa ta tayar da bom 17 a Sahara, huɗu a sararin Reggane, 13 kuma a ƙarƙashin duwatsun In Ekker, inda a ranar 1 ga Mayu 1962 dutsen ya tsage ƙurar ta fito ta rufe sojoji da manyan baƙi. Na ƙarshe an yi shi ne a watan Fabrairu na 1966, wata guda bayan rasuwarsa, sannan aka koma tsibiran Pasifik. A wannan shekara ce de Gaulle ya janye sojojinsa daga ƙarƙashin rundunar NATO, kuma Faransa ba ta shiga yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya ta 1968 ba sai a 1992.

Amma lokaci ya gaskata tsoronsa. A 2010 Faransa ta yi dokar biyan diyya ga waɗanda gwaje-gwajenta suka cutar. A 2014 kuma aka wallafa wata taswirar sojojinta da aka daɗe ana ɓoyewa, wadda ta nuna cewa ƙurar bom ɗin farko ta ratsa Nijar ta kai kusa da Njamena cikin kwana ɗaya, kuma cikin 'yan kwanaki ta kai Nijeriya da Ghana da Mali. Masu karatunmu 'yan Kuseri sun san cewa kogi ne kawai ya raba su da Njamena.

Allah ya jiƙan Malam Abubakar, ya gafarta masa kurakuransa, ya ba shugabanninmu na yau zuciyar tsaya wa talakawansu ko da a gaban aminansu ne, amin.